Tumbin Dutse: Tarihin Abincin da Sai da Sani Ake Cinsa

Tarihin yunwa ya fi yawan ba da labarin abin da mutane suka rasa: ruwan saman da bai sauka ba, amfanin gonar da sanyi ko fara suka lalata, rumbun da aka buɗe aka tarar da shi wayam. Ba kasafai yake tsayawa a kan abin da mayunwata suka samu a gabansu, suka kai baki, amma ya ƙi zama musu abinci ba. Wannan ɓangare na biyu shi ne ya ja hankalina. Ina so in bi sawun wani ƙasƙantaccen tsiro da ke manne a jikin duwatsu da itatuwan ƙasashen sanyi, wanda wasu al'ummu suka mayar da shi cima ta marmari, wasu kuwa suka ci shi ya ƙara musu ciwo a kan yunwa. Abin da nake son nunawa shi ne, tazarar da ke tsakanin waɗannan da waɗancan tazara ce ta sani, kuma sanin hawa uku ne: gane tsiron, iya sarrafa shi, da sanin iyakar abin da zai iya yi wa jikin mutum.

Wace ce gansakukar dutse?

Bahaushe yana da kalma guda, gansakuka, da yake kiran koren abin da ke lulluɓe ruwan kududdufi, da kuma wanda ke shimfiɗuwa a jikin katanga ko bakin rijiya da damina. Masana tsirrai sun rarrabe waɗannan. Mai laushin nan da ke shimfiɗuwa kamar darduma a wuri mai danshi tsiro ce mai zaman kanta, kuma da wuya a sami al'ummar da ta riƙe ta a matsayin abinci. An dai yi amfani da wani nau'inta wajen shimfiɗa wa jarirai, an kuma ɗaure raunukan sojoji da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya saboda yadda take tsotse ruwa. Wadda tarihi ya san an ci daban take. Ita busasshiya ce, takan fito kamar ɓawo ko yagaggen ganye a jikin dutse, ko ta rataya kamar gemu a reshen itace, ko ta rufe ƙasa kamar farar ciyawa. Ita zan riƙa kira gansakukar dutse a nan, ko da a jikin itace ta fito. Su kansu Turawa sun daɗe suna haɗa sunayen biyun, har suna kiran wasu nau'o'inta gansakukar Aislan da gansakukar barewa, alhali ba su da dangantaka da mai laushin.

A shekarar 1867 wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Simon Schwendener ya bayyana cewa wannan abu halittu biyu ne suke zaman tare. Ɗaya daga dangin naman kaza da funfuna take, ita ke gina jiki ta riƙe ruwa. Ɗayar kuwa daga dangin koren nan na kan ruwa, ita ke haɗa abinci da hasken rana. Da farko masana da yawa sun ƙi yarda da shi, daga baya bincike ya gaskata shi. An san nau'i kusan 20,000 a duniya, kuma yawancinsu ba sa ƙara girman da ya wuce 'yan milimita a shekara.

Abu biyu ne ke tsaye tsakanin wannan tsiro da cikin ɗan Adam. Na farko, yana ƙera wasu sinadarai masu ɗaci da yake kare kansa da su, waɗanda ke murɗa ciki su kawo zawo, wasunsu ma guba ne tsantsa. Akwai wani nau'i mai launin rawaya mai haske da mutanen Suwidin da Norwe suka riƙa cusawa a cikin mushe don kashe kyarkeci da dila. Na biyu, irin sitacin da ke cikinsa ba wanda hanjin mutum ke iya narkarwa sosai ba ne. Barewar ƙanƙara tana rayuwa a kansa duk tsawon hunturu domin akwai ƙananan halittu a tumbinta da ke yi mata wannan aiki. Mutum ba shi da su. Saboda haka duk wanda ya ci shi ya amfana, ya bi ta wata dabara: jiƙawa, sauya ruwa, zuba ruwan toka don ya kashe ɗacin, doguwar dahuwa, da haɗa shi da wani abincin.

Mutum ashirin a filin da babu itace

A watan Mayu na 1819 hukumar sojan ruwan Ingila ta tura Laftanar John Franklin zuwa arewacin ƙasar da ake kira Kanada a yau, don ya bi Kogin Coppermine har teku ya zana taswirar gaɓar da ke gabas da bakinsa. Burin Ingila a lokacin shi ne gano mashigar ruwa da za ta bi ta saman nahiyar Amurka ta ɓulle Asiya. Tare da shi akwai likita kuma masanin halittu John Richardson, da ƙananan hafsoshi biyu, George Back da Robert Hood, da wani matuƙin jirgi mai suna John Hepburn. Sauran 'yan ayarin hayarsu aka yi a can: matuƙan kwale-kwale da suka saba yi wa kamfanonin cinikin fatu aiki, da tafintoci.

Dabarar ciyar da ayarin ta rataya ne a wuyan wasu. An dogara da kamfanonin fatu biyu da ke gaba da juna a lokacin, an kuma dogara da mafarautan wata al'umma daga cikin mutanen Dene, ƙarƙashin shugabansu Akaitcho. Shi ne ya hana Franklin kutsawa arewa a ƙarshen bazarar 1820, ya nuna masa cewa lokaci ya ƙure. Ayarin ya gina sansanin katako da aka sa wa suna Fort Enterprise, ya yi hunturu a ciki. A watan Yuni na 1821 suka tashi, a Yuli suka isa teku, suka bi gaɓa cikin kwale-kwale biyu na ɓawon itace har tsawon kimanin kilomita 800. Kafin ƙarshen Agusta guzuri ya kusa ƙarewa, iska ta tsananta, dole suka juya. Mutum 20 ne a lokacin.

Maimakon su koma ta teku, sai suka yanke shawarar ratsa tudu su miƙe zuwa sansaninsu. Filin da suka shiga babu itace a cikinsa sai gajerun tsirrai da duwatsu. Dusar ƙanƙara ta sauko tun farkon Satumba, garkunan barewa sun riga sun fara kwararowa kudu, busasshen naman da aka daka da kitse, wanda shi ne guzurinsu, ya ƙare. Abin da ya rage a gabansu shi ne wani baƙin abu mai kama da ƙonanniyar fata a jikin duwatsu, wanda matuƙan kwale-kwalen ke kira da Faransanci da sunan da ma'anarsa ita ce tumbin dutse. Masana suna kiran wannan dangi Umbilicaria, saboda a tsakiyarsa kaɗai yake manne da dutse, kamar cibiya.

A nan ne bayanin Richardson ya zama abin dubawa, domin shi ya san tsiron a ilmance, ya kuma rubuta abin da ya gani a rataye na littafin tafiyar. Ya ambaci nau'i huɗu da suka ci. Ya ce mutanen ƙasar guda ɗaya suke zaɓa daga ciki, wanda a yau ake kira Umbilicaria muhlenbergii, su bar sauran, kuma sukan dafa shi da ƙwan kifi ko wani abu na nama, ya yi daɗi ya kuma riƙe ciki. Wannan nau'i ya yi ƙaranci a filin da ayarin ke ratsawa, don haka suka koma wa sauran ukun. Ba su da hanyar cire ɗacin. Wurin da babu itace babu isasshiyar wutar doguwar dahuwa, babu tokar kirki, kuma mai tafiya kullum ba shi da kwanakin jiƙo. Wasu ranaku ma tsiron yakan daskare a jikin dutse har ya gagara ɓamɓarowa. Sakamakon shi ne ya tayar wa kowa zuciya, ya kuma sa wa wasu matsanancin ciwon ciki. Robert Hood ya fi kowa shan wuya, domin duk lokacin da ya ci sai zawo ya biyo baya, abin da ya ci don ya rayu ya zama shi ke ƙarasa tsotse shi. Sauran sukan haɗa da tsofaffin takalmansu na fata, su babbaka su tauna.

A ƙarshen Satumba suka sake cin karo da Kogin Coppermine ba su da abin haye shi, domin kwale-kwalen da suka ɗauko ya lalace a hanya. Richardson ya yi ƙoƙarin ninƙaya da igiya a ɗaure a jikinsa, sanyi ya sandarar da shi, da ƙyar aka jawo shi da rai. Sai ranar 4 ga Oktoba suka haye, cikin wani ɗan ƙaramin jirgi da tafinta Pierre St Germain ya harhaɗa da tsumagu da tamfol. Daga nan ayarin ya wargaje. Masu rauni suka riƙa faɗuwa a hanya. Richardson da Hepburn suka tsaya jinyar Hood, wani matuƙin kwale-kwale mai suna Michel Terohaute ya zo ya same su. Ranar 20 ga Oktoba aka tarar da Hood da harbi a ka. Bayan kwana uku Richardson ya harbe Michel, bisa zargin shi ya kashe Hood, da kuma zargin cewa naman da ya kawo musu a matsayin na kyarkeci na abokan tafiyarsu ne. Daga bakin Richardson da Hepburn kaɗai duniya ta ji wannan labari, domin su kaɗai suka fita daga wurin da rai.

Franklin da ya isa Fort Enterprise ya tarar da shi babu kowa, babu abincin da ya sa rai za a ajiye masa. Suka tono fatun barewa da ƙasusuwan da suka zubar a hunturun baya, suna dakawa suna dafawa da tumbin dutse, suna ɓalle katakon daɓe suna hura wuta. Ranar 7 ga Nuwamba mutum uku daga mutanen Akaitcho suka iso da nama, bayan Back ya yi ta nemansu har ya same su. Suka share ɗakin, suka kama kifi, suka yi jinyar waɗanda suka rage har suka iya miƙewa. Cikin mutum 20, 11 sun mutu. Littafin da Franklin ya fitar a 1823 ya sa ya yi suna a Ingila a matsayin mutumin da ya ci takalmansa, aka ɗauke shi gwarzo. Ni kuwa abin da na fi gani a labarin shi ne gaskiyar karin maganar nan, da ɗan gari akan ci gari. Mutanen Dene ba a kan tumbin dutse suke rayuwa ba. Sun san lokacin wucewar barewa, sun san tafkin da ke da kifi a ƙarƙashin ƙanƙara, sun kuma san cewa tumbin dutse mahaɗi ne da ke ƙara wa ɗan abin da ke tukunya auki. Wannan shi ne hawa na uku na sanin, kuma shi ne wanda ayarin ya fi rasawa.

Inda aka mayar da ita cima

Don a tabbatar cewa laifin ba na tsiron ba ne, sai a dubi gabashin Asiya, inda wani ɗan wannan dangi na Umbilicaria yake da daraja tun ƙarnoni. Japanawa suna kiransa iwatake, wato naman kazan dutse. A Sin da Koriya kuwa sunansa kunnen dutse. A jikin miƙaƙƙun duwatsu yake fitowa, har sai an zura mutum da igiya kafin ya kai gare shi, kuma an fi cirarsa lokacin danshi don kada ya farfashe a hannu. Akwai wani zane na shekarar 1860 na mai zane Hiroshige na Biyu da ke nuna masu cirarsa a yankin Kumano suna lilo cikin kwanduna a gefen dutse. Kafin a kai shi faranti sai an jiƙa shi, an murje shi an fitar da tsakuwa da ƙasa, an yanke cibiyar, an tafasa. Abin da ya zama alamar ƙarshen wahala a wurin ayarin Franklin, ɗan'uwansa ne ake saye da tsada a nan.

Misalin da ya fi kusa yana cikin Kanada ɗin kanta, can yamma, a tsaunukan British Columbia. Al'ummun Secwepemc da Nlaka'pamux da Okanagan sun daɗe suna cin wani nau'i mai kama da baƙin gashi da ke rataye a rassan dogayen itatuwa, wanda Secwepemc ke kira wila. Ganewa a nan batu ne na rai da mutuwa, domin akwai mai kama da shi ƙwarai da ke ɗauke da irin gubar nan ta kashe kyarkeci. Masu ɗiba sukan duba launi su guji mai ɗaukar rawaya, sukan kuma ɗanɗana kaɗan daga wurin da za su ɗiba, in ya yi ɗaci su wuce gaba. Da dogayen sanduna ake sakko da shi. Sai a tsince ƙaiƙayi, a jiƙa shi a ruwa mai gudu, a bubbuga, a wanke. Daga nan a haƙa rami a jera duwatsu masu zafi, a shimfiɗa ganye, a zuba shi tare da albasar daji ko wasu saiwoyi, a rufe da ƙasa, a tsiyaya ruwa ta wata kafa don tururi ya tashi, a bar shi ya kwana. Da safe yakan fito baƙi ƙirin, a dunƙule kamar tuwo, a yanka shi a shanya, ya yi shekaru bai lalace ba. Binciken baya-bayan nan ya nuna cewa babban amfaninsa a ramin shi ne yana tsotse zaƙin da ke fita daga saiwoyin, wanda da ƙasa ce za ta shanye shi. Matan da suka gaji wannan girki ba su jira wani bincike ba kafin su san cewa ba a dafa shi shi kaɗai.

Ilimin da ya zo a makare

Saura tambaya guda: in sani ne maganin, me zai hana hukuma ta koyar da shi idan yunwa ta zo? Ƙasar Finlan ta gwada. A lokacin tana ƙarƙashin sarkin Rasha, mutanenta ba su kai miliyan 2 ba, mafi yawansu manoma. Tun a 1857 likita Elias Lönnrot, wanda ya harhaɗa waƙoƙin gargajiyar ƙasar a littafin Kalevala, ya fitar da ɗan littafi na shawarwari kan yadda ake mayar da wasu nau'o'in gansakukar dutse abinci. Bayan shekara goma buƙatar ta zo da gaske. A 1867 hunturu ya ƙi tafiya, har watan Yuni wasu tafkuna na daskare, aka yi shuka a makare, sannan sanyi ya faɗo a farkon Satumba ya kashe hatsi tun bai nuna ba. Hukumomi suka duƙufa wajen koya wa talakawa yadda za su jiƙa tsiron a ruwan toka, su wanke, su shanya, su niƙa, su haɗa da ɗan garin hatsi su yi burodi. Haka aka yi ma a arewacin Suwidin, inda yunwar ta kai.

Jama'a ba su karɓi abin hannu biyu ba. Abincin yunwar da suka gada shi ne garin ɓawon cikin itace, sun san itacen da ake ɓarewa da lokacin ɓarewa, sun san ɗanɗanonsa tun suna yara. Gansakukar dutse kuwa a wurinsu abincin dabba ce. Waɗanda suka gwada ba tare da sun cire ɗacin sosai ba suka kwanta ciwo, labarinsu ya ƙara tsorata sauran. Ko da an bi ƙa'ida ma, burodin yana buƙatar garin hatsin da babu shi, kuma ƙarfin da yake bayarwa kaɗan ne. Mutane suka bar gidajensu suka shiga bara, zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa ya bi su gari gari. Tsakanin 1866 da 1868 an yi asarar rayuka kimanin 150,000 a kan abin da aka saba gani. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ilimin da ke rubuce a takarda bai zama na hannu da harshe ba, sannan an ɗora wa tsiron nauyin da ba zai iya ɗauka ba, wato ya maye gurbin hatsin da ya kamata a shigo da shi tun kafin teku ta daskare.

Kammalawa

Idan aka jera labaran nan, abu guda ke fitowa. Richardson ya iya sunayen nau'o'in da Latin, amma bai da wuta da toka da lokaci. Hukumomin Finlan sun iya sarrafawa a rubuce, amma sun zo a makare, sun kuma ɗauki mahaɗi a matsayin tuwo. Waɗanda suka ci moriyar tsiron su ne waɗanda suka koye shi lokacin ƙoshi, suka ba shi gurbi a girkinsu na yau da kullum, har yaro ya tashi ya san mai ɗaci da mara ɗaci. Dabarar kanta ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Matan karkarar Nijar da ke jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki suna sauya ruwa har ɗacin ya fita, irin aikin da matan Secwepemc ke yi suke yi, kuma a yunwar 2005 an fi nuna anza a matsayin shaidar wahala fiye da shaidar gwaninta. Irin wannan sani a hannun tsofaffi yake, kuma yakan bi su kabari idan 'ya'ya suka ɗauke shi abin kunya. A ganina aikin mai rubuta tarihi ne ya rubuta sunan wanda ya san abin da ake ci kusa da sunan wanda ya jagoranci tafiya. Duniya ta riƙe Franklin da takalmansa. Ya kamata ta riƙe Akaitcho da mutanensa uku da suka iso da nama ranar 7 ga Nuwamba, domin ba don su ba, da babu wanda zai koma Ingila ya rubuta littafin.